Kafin Ka Sayi Injin Wanki Mai Aiki Da Lantarki

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin wankin mota mai shan fetur ya koma cin ribar mai shi. Shi ya sa matashin da ke son kafa wurin wanki a Malisa, ko Gwandu, ko bakin titi a Kalgo, zai so ya waiwayi na lantarki. Sai dai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mara nauyi, mai araha, mai ƙara kamar injin markaɗe. Motar lantarkin da ke cikinsa tana aiki da kabon, wanda ke cinyewa a hankali, kuma in an daɗe ana feshi sai ta ɗau zafi. Don gida aka yi shi: mota ɗaya, babur biyu, a huta. Ɗayan mai nauyi ne, ba kabon a cikinsa, ƙararsa kaɗan, yana jure dogon aiki, musamman wanda famfonsa ke da fistin uku da ake zuba wa baƙin mai. Tsadarsa ce ke korar mutane, amma a ganina mai sana'a ba shi da zaɓin da ya wuce shi.

Mai shago zai nuna maka lambar ƙarfin feshi a jikin kwali, kamar bar 110 ko bar 150. Tambaye shi lita nawa yake fitarwa a minti. Ƙarfi yana ɓamɓare laka ne kawai, yawan ruwa ke tafiya da ita. Na gida lita 6 zuwa 8 yake bayarwa, kuma wannan ba zai wadatar da wanda 'yan kabu-kabu ke yi wa layi da damina ba, kowane babur da taɓon fadama har wuya.

Sai wuta. Ko ƙananan irin na kamfanin Kärcher na Jamus suna jan sama da wat 1,000, ƙaramin janareta ba zai tayar da su ba. Siririyar waya kuma ƙona motar injin take yi.

Yashi na cikin abubuwan da ke kashe injin nan a ƙasarmu. Ruwan rijiya ko na gulbi a bar shi ya kwanta a duro, a sa matata a bakin tiyo, kuma kada a kunna shi babu ruwa. Kada a matsa bakin feshi kusa da boris ko lagireto. Iyaye, a hana yara wasa da shi, domin ruwan yana fasa fata.