Kaka Ɗaya, Salsala Biyu: Abin Da Na Tarar Tsakanin Birnin Kebbi Da Argungu

Wata tambaya da ɗiyata ta yi mini ce ta tayar da ni tsaye. Ta ce, "Baba, shin mu Kabawa ne ko mutanen Gwandu?" Na buɗe baki zan amsa, sai na tarar amsoshi biyu gare ni, kuma kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Gwaggona da ke Argungu ta haddace salsalarmu kamar karatun allo. A faɗarta, kakan kakanmu mayaƙi ne da ya fice daga Birnin Kebbi tare da Sarkin Kabi Muhammadu Fodi a 1805, lokacin da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, daga baya kuma ya yi yaƙi a ƙarƙashin Yakubu Nabame, wanda ya ɗaga tutar Kabawa a 1849. Baffana na Birnin Kebbi kuwa yana da wata takardar ajami a cikin gafaka, wadda ta ce mutumin malami ne da ya zauna, ya yi mubaya'a, ya rasu yana karantarwa. Suna ɗaya, uba ɗaya, rayuwa biyu. Wannan saɓani ya daɗe yana sanyaya zumunci, domin kowane ɓangare na ganin ɗayan yana neman ɓata masa asali.

Na fara da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har zuwa 1942. A nan na fahimci cewa matsalar gidanmu ba ta tsallake ko gidan sarauta ba. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya kuma gina Surame, shi kansa ba a haɗu a kan asalinsa ba. Wata ruwaya ta danganta shi da Kuyambana ta ƙasar Katsina, alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infakul Maisuri, ya kawo cewa bawan Fulani ne. Idan haka ta faru ga Kanta, ina ga talakan da ba shi da maroƙi?

Abin da ya warware mini ƙullin shi ne lissafi. Daga 1805 zuwa 1849 shekara 44 ce. Wanda ya riƙe mashi a ranar farko, da wuya ya hau dokin yaƙi a ta biyu. Sa'annan jerin gwaggo ya sa mutum biyu kacal tsakanin wannan kaka da mahaifinta, wanda aka haifa bayan zuwan Turawa. Akwai giɓi. Da na koma ga takardar baffa, na lura a gefenta an ambaci wani ɗa da ya tafi Argungu, ba a ƙara cewa komai a kansa ba. Mu kuwa al'adarmu ce a mayar wa jika sunan kakansa. Fahimtata ita ce, malamin ya zauna a Birnin Kebbi, ɗansa ya yi ƙaura, jikansa kuma takwaransa ya bi Nabame. Baki ya narkar da kaka da jika suka zama mutum ɗaya, alƙalami kuma ya yi shiru a kan reshen da ya bi abokan gaba.

Da na karanta wa gwaggo, ta yi jim, ta ce, "Ɗan nan, ashe malamin ma namu ne?" Na ce, "Naku ne, Gwaggo, kamar yadda mayaƙin yake na Baffa."

Shawarata ga ɗalibai da duk mai neman tushensa: kada ka yi gaggawar zaɓen ruwayar da ta fi yi maka daɗi. Tambayi wanda ya faɗa, da lokacin da ya faɗa, da wanda yake tsoro ko yake son burgewa. Ƙidaya shekaru, ka nemi takwarori, ka karanta gefen takarda. Kuma ka yi sauri, domin tsofaffin suna tafiya, gara na cin gafaka.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gaba da bikin kamun kifi. Gidanmu ya makara da kusan shekara 90, amma a sallar da ta wuce baffa ya je ya gaida gwaggo. Ɗiyata kuma ta sami amsarta: duka biyun.