Sinaida: Tsohuwar Bindigar da Aka Sauya wa Maciya

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi a dazukan Danwarai, Aliero ko Maiyama yana ɗura bindigar toka ya san aikin ba na gaggawa ba ne. Sai ya tsayar da ita, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya sa harsashi, ya danna da sandar ƙarfe. In ya harba bai samu ba, kafin ya sake ɗuri nama ya yi nisa. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 haka sojojin Ingila ma suke fama. Bindigarsu ƙirar Enfield ta 1853 ta baki take ci, kuma gwanin soja bai cika wuce harbi 3 a minti ɗaya ba.

Abin da ya tayar musu da hankali daga Turai ya fito. Sojojin Furusiya, wani yanki na Jamus ta yau, sun riƙi bindiga mai ci ta baya, suka ci Danmak da yaƙi a 1864, suka ci Ostiriya a 1866. Sojansu yana kwance rub da ciki yake ɗuri, abokin gabansa kuwa dole ya miƙe ya zama abin saiti. Ingila na da tarin Enfield a rumbunan makamai. Zubar da su asara ce, ƙera sababbi kuma sai an ɗau shekaru. Sai ta nemi dabarar gyara na hannu, ta karɓi ta wani Ba'amurke, Jacob Snider, a 1866, shekarar da shi kansa ya rasu. Daga sunansa ake kiran bindigar da aka gyara Sinaida.

Gyaran ba shi da yawa, amma ya sauya komai. Ana yanke ɗan guntu daga gindin bututun bindigar, a sa murfin ƙarfe mai buɗewa gefen dama, da allurar bugu a cikinsa. Ƙota da bututu duk na dā ne. Soja ya buɗe murfin, ya zura harsashi guda wanda ya haɗa albarushi da dalma cikin ƙwanso ɗaya, ya rufe, ya harba. Sai ya ja murfin baya ya zaro ƙwanson, ya kifa bindigar ƙwanson ya faɗo. Da haka harbi ya kai kusan 10 a minti. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

A Afirka aka fara gwada Sinaida a babban yaƙi, a Habasha, cikin Afrilun 1868, lokacin da Turawan Ingila suka auka wa Sarki Tewodros a Magdala. An kuma yi amfani da ita a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Da Ingila ta koma wa sabuwar bindiga Martini-Henry, sai aka tura tsofaffin Sinaida ga rundunonin ƙasashen da take mallaka. A yammacin Afirka, da yawa daga cikin masu saɓa ta Hausawa ne, domin tun 1863 Kyaftin John Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Legas.

Nan labarin ya shafi ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke ciki. A wancan zamani Nupe da Ilorin ƙarƙashin Gwandu suke. A farkon 1897 George Goldie na Kamfanin Neja ya taso wa Nupe da sojoji kimanin 500 riƙe da Sinaida, tare da igwa da bindigogi masu ruwa ƙirar Maxim. Suka jeru kusurwa huɗu, ta ko'ina wuta na fita. Dubban barade na Etsu Abubakar, sarkin Nupe, suka yi ta kawo sukuwa, amma ba su iya kusantar layin ba. Bida, babban birnin Nupe, ta faɗi a Janairu, Ilorin ta bi a Fabrairu. Bayan shekara 6, a Maris na 1903, rundunar Turawa ta bi ta Argungu ta ci Sakkwato.

Me ya hana sarakunanmu sayen irinta? Tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana sayar da bindigogi masu ci ta baya a galibin Afirka, suka bar mana masu ci ta baki da albarushi. Ko wata ta shigo ta ɓarauniyar hanya, matsalar harsashi na nan. Maƙerinmu yana iya gyara bindigar toka, maharbi ya haɗa albarushinsa, amma ƙwanson Sinaida sai masana'anta. Saboda haka ba jarumta kakanninmu suka rasa ba. Ilimin ƙira da masana'antu ne suka rinjaye su, har da kayan da masu su suka riga suka yi wa ritaya.

Idan akwai irin wannan tsohuwar bindiga a cikin kayan gadon gidanku, kada a gwada harba ta, domin ƙarfen da ya haura shekara 150 yana iya tarwatsewa a hannu. Kada kuma a sayar wa wanda ba a sani ba, balle a wannan lokaci na rashin tsaro, ga shi doka ta hana riƙe bindiga ba lasisi. A sanar da hakimi da jami'an tsaro, a nemi a kai ta gidan tarihi irin na Kanta da ke Argungu, yara su gani su san yadda aka ci ƙasarsu.