Shin Ko Kun San? Yadda Ake Ƙirga Kwanakin Juna Biyu

Shin ko kun san cewa a lissafin asibiti, makonni biyun farko na ciki babu ma cikin? Ma'aikatan lafiya suna fara ƙirga ne daga ranar da mace ta fara ganin jinin al'adarta na ƙarshe, alhali ƙwan da zai zama ɗa sai bayan kamar kwana 14 yake fita. Dalilin mai sauƙi ne: ranar shigar ciki ɓoyayya ce, amma ranar ganin jini mace kan iya tunawa. Shi ya sa malamar awo ba ta tambaya "yaushe kika samu?" sai dai "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?"

Daga wannan rana ake ƙirga mako 40, wato kwana 280. In daga ainihin shigar cikin ne, mako 38 ne, kwana 266.

To ina wata taran da muka gada kaka da kakanni? Yana nan daram. Rikicin ya taso ne daga masu ɗaukar kowane wata mako huɗu, su raba 40 gida huɗu su ce ai wata goma ne. Watan Bature kuwa, in ka cire Fabrairu, kwana 30 ne ko 31, mako huɗu da ɗoriya. Tara ɗoriyar nan, sai ka ga mako 40 ya tsaya a wata tara da kimanin mako guda. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin watan sama: kowane wata kwana 29 da rabi ne, ka ninka sau tara, sai ga ka a bakin 266. Ashe tsohuwar da ke duban jinjirin wata tana lanƙwasa yatsu ba ta kauce ba. Ita da malamar asibiti hanya ɗaya suke bi, mafari ne kawai ya bambanta.

Shin ko kun san akwai dabarar gano ranar haihuwa ba tare da na'ura ba? Ka ɗauki ranar farko ta jinin ƙarshe, ka ƙara kwana bakwai, sannan ka ƙara wata tara. Wadda ta ga jini 1 ga Janairu, ana sa ran sauka 8 ga Oktoba. A lissafin Hijira kuma, wadda ta gani a farkon Muharram sai ta sa ido wajen tsakiyar Shawwal, mako biyu bayan ƙaramar sallah. Dabarar tana ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Franz Naegele, wanda ya rasu a 1851. Sai dai an gina ta ne a kan mace mai zagayen kwana 28. Wadda nata ke kai kwana 35, a ƙara mata mako guda.

Ranar nan da ake rubutawa a katin awo, ƙarƙashin haruffan EDD, hasashe ce, ba alkawari ba. Cikin jarirai 100, huɗu ko biyar ne kacal ke zuwa a ranar daidai. Don haka dangin miji su sassauta da kiran waya.

A ƙasar Faransa mako 41 ake sa wa mace a matsayin cikar wa'adi, ba 40 ba. A Japan da Sin kuwa, "wata goma" ake cewa a bakin jama'a, kuma asibitocin Japan kan yanka cikin wata-wata na kwana 28. Jaririn ɗaya ne, ma'aunin ne kowa da nasa.

Shin ko kun san bakwainin asibiti ya fi na gida faɗi? Kalmar daga "bakwai" ta fito, amma ga likita duk wanda aka haifa kafin cikar mako 37 bakwaini ne, ko da ya ci wata takwas. Nan ne kuma ya kamata a binne wata tsohuwar magana, wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Tun zamanin likitocin Girka na dā ake yawo da ita, kuma ba gaskiya ba ce. Huhu na daga cikin sassan da ke jinkirin ƙosawa, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki riba ce gare shi. In kuma ciki ya haura mako 41 ya doshi 42, mabiyiya kan fara gajiya, shi ya sa likitoci ke kawo shawarar tayar da naƙuda. Tagwaye su ba sa jiran 40, galibi wajen mako 36 zuwa 37 suke isowa.

Asibiti na raba ciki kashi uku: farko zuwa mako 13, lokacin laulayi; 14 zuwa 27, lokacin sararawa; 28 zuwa haihuwa, lokacin nauyi. Motsin farko kan zo tsakanin mako 16 da 20, mai cikin fari ta fi jinkirin gane shi.

Malaman fiƙihu ma sun yi nasu lissafin. Alƙur'ani ya ambaci wata 30 na ɗaukar ciki da yaye a haɗe, ya kuma ambaci shekara biyu na shayarwa. Aka debe 24 daga 30, aka ce mafi ƙarancin ciki wata shida ne.

Wadda ta manta ranar fa, ko wadda ta yi kwanika, ciki ya shiga tana goyo jinin bai ma dawo ba? Tef ɗin awo na taimakawa: a mako 20 saman mahaifa kan kai cibiya, daga mako 24 zuwa 36 kuma tsawonta a santimita kan yi kusan daidai da adadin makonnin. Amma hoton ciki ya fi, musamman na watanni ukun farko, wanda kuskurensa bai cika wuce mako guda ba. Na ƙarshen ciki kan iya kaucewa da mako uku. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce a je awo sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12.

'Yar'uwa, duk wata ki rubuta ranar da jini ya fara, ko a kalandar bango ko a waya. Maigida, in ita ta sha'afa, kai ka rubuta.