Helmuth von Moltke: Daga Mai Ba da Shawara Zuwa Mai Ba da Umarni

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Helmuth von Moltke (1800–1891), hafsan sojan Purushiya, ta fuskar tambaya guda: wane iko ne ke hannun mai tsara yaƙi idan ba shi ne ke riƙe da runduna ba? An bi sawun wannan tambaya tun daga aikinsa a Daular Usmaniyya har zuwa saɓaninsa da Bismarck a 1871.

Tasowarsa

An haifi Moltke ranar 26 ga Oktoba, 1800, a garin Parchim da ke Mecklenburg, cikin gidan masu asali amma marasa dukiya. Mahaifinsa ya shiga aikin sojan Danmak, shi ya sa yaron ya yi makarantar horar da ƙananan hafsoshi a Kopenhagen, ya kuma fara aiki ƙarƙashin tutar Danmak. A 1822 ya koma rundunar Purushiya a matsayin laftanan, ya yi karatu a makarantar yaƙi ta Berlin daga 1823 zuwa 1826, lokacin da Carl von Clausewitz ke shugabantarta. Talauci ya sa ya riƙi alƙalami. Har kwangilar fassara littafin Edward Gibbon kan rushewar Daular Rum ya karɓa domin ya sayi doki, ga shi kuma ba a taɓa buga fassarar ba. Gwanintarsa ta zanen taswira ce ta kai shi majalisar hafsoshi masu tsara yaƙi a 1833.

Nezib

A 1835, yana kyaftin, ya ɗauki hutu ya tafi Istanbul. Sarkin Musulmi Mahmud na Biyu, wanda ya rusa rundunar Janisari a 1826, yana neman masu taya shi gina sabuwar runduna, sai hutun wata shida ya zama zaman shekara huɗu. Moltke ya zana taswirar birnin da mashigin Bosforus, sannan a 1838 aka tura shi gabashin Anatoliya ya zama mashawarcin Hafiz Pasha. A can ya ratsa duwatsu bisa doki, ya kuma gangara Kogin Furat a kan salkunan da aka hura aka ɗaure da itace.

A watan Yunin 1839 rundunar Hafiz Pasha ta fuskanci ta Masar, wadda Ibrahim Pasha ɗan Muhammad Ali ke jagoranta, a Nezib kusa da kan iyakar Sham. Da Moltke ya ga Ibrahim yana zagayowa ta gefe, sai ya ba da shawarar a ja da baya zuwa sansanin Birecik da ke bakin Furat tun hanya ba ta toshe ba. Hafiz ya ƙi. A cikin wasiƙunsa da aka buga a 1841, Moltke ya ɗora laifin a kan malaman da ke kewaye da Pasha, waɗanda suka ɗauki ja da baya abin kunya. Ya kamata mai nazari ya tuna cewa wannan ruwayar ta fito ne daga bakin wanda aka ƙi jin maganarsa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne sakamakon: ranar 24 ga Yuni rundunar Usmaniyya ta watse cikin 'yan sa'o'i, Moltke yana kula da igogi. Sarki Mahmud ya rasu ranar 1 ga Yuli, kafin labarin ya iske shi. Ke nan yaƙin farko na fito-na-fito da Moltke ya halarta kaye aka sha, kuma ya ga kayen yana tafe ba tare da yana da ikon hana shi ba.

Shekaru goma sha takwas da suka biyo baya sun wuce ne a ofis da fadar 'ya'yan sarauta. Abu ɗaya ya cancanci ambato: ya shiga hukumar gudanarwar layin dogo na Berlin zuwa Hamburg tun jirgin ƙasa yana sabon abu, ya fahimci abin da zai iya yi wa jigilar dakaru.

Umarnin 2 ga Yuni, 1866

Lokacin da aka ɗora shi kan majalisar hafsoshi masu tsara yaƙi a 1857, bai taɓa jagorantar ko rejimenti guda ba, kuma ofishin nasa yana ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi ne, bai da damar yi wa kwamandoji magana kai tsaye. A farkon yaƙin Danmak na 1864 tarihin Nezib ya so ya maimaita kansa, domin tsohon kwamanda Wrangel bai bi tsarinsa yadda ya kamata ba. Sai da aka tura Moltke fagen daga, aka ƙetara zuwa tsibirin Alsen a ƙarshen Yuni, sannan Sarki Wilhelm na Ɗaya ya san darajarsa.

Ana gab da yaƙi da Ostiriya, ranar 2 ga Yuni, 1866, sarki ya ba shi izinin aika umarni ga rundunoni da sunan sarki, ba tare da bi ta hannun ministan yaƙi ba. Wannan takarda ita ce mahaɗar rayuwarsa. Da ita ya aiwatar da abin da tsofaffin janarori suka ɗauka ganganci: ya yi amfani da layukan dogo biyar, alhali Ostiriya na da ɗaya, ya sauke rundunoni uku nesa da juna, suka shiga Bohemiya ta hanyoyi daban-daban. Dalilinsa a fili yake. Babbar runduna idan ta taru wuri guda, hanya ba ta ɗaukarta, abinci ba ya isarta. Gara ta yi tafiya a rarrabe, ta haɗu a filin daga. Haɗarin kuwa shi ne abokin gaba ya murƙushe su ɗaya bayan ɗaya. A Königgrätz, ranar 3 ga Yuli, rundunar yarima mai jiran gado ba ta iso ba sai da rana ta take, amma isowarta ta gefen dakarun Benedek ita ta raba gardama.

Abin lura shi ne yadda ya yi amfani da ikon. Ko da yake wayar tangaraho na hannunsa, umarninsa gajeru ne: ya faɗi manufa, ya bar wa kwamanda zaɓin hanya. Wannan ya jawo masa tsada a 1870, sa'ad da Janar Steinmetz ya auka wa Faransawa a Spicheren ba bisa tsari ba. Moltke ya gyara tsarinsa ya dace da abin da ya riga ya faru, ya killace runduna guda a Metz, ya kewaye ɗayar a Sedan, inda Napoleon na Uku ya miƙa wuya ranar 2 ga Satumba.

Iyakar ikon

A nan ne tambayar ta juyo ta ɗaya fuskar. Moltke ya yi imani cewa ɗan siyasa yana da ta cewa kafin yaƙi da bayansa, amma da zarar an fara harbi, magana ta koma hannun soja. Wannan ya kauce wa koyarwar Clausewitz, wanda ya ɗauki yaƙi a matsayin kayan aikin siyasa daga farko har ƙarshe. A lokacin ƙawanyar Paris shi da Bismarck suka yi ta sa-in-sa kan ruwan igwa da kuma wanda ya cancanci tattaunawa da Faransawa. A Janairun 1871 sarki ya goyi bayan Bismarck, Moltke ya yi biyayya ransa a ɓace.

Sai dai ofishin da ya gina bai tsaya nan ba. A 1883 shugabansa ya sami damar ganin sarki kai tsaye ko a lokacin zaman lafiya, abin da ya ƙara nisanta tsare-tsaren soja daga idon majalisa da na farar hula. Moltke ya sauka a 1888, Alfred von Waldersee ya gaje shi. A Mayun 1890, yana dab da cika shekara casa'in, ya tsaya a majalisar dokokin Jamus ya yi gargaɗin cewa yaƙin Turai na gaba zai iya ɗaukar shekara bakwai, ko ma talatin. Ya rasu a Berlin ranar 24 ga Afrilu, 1891. Ɗan ɗan'uwansa, mai suna irin nasa, shi ne ke kan wannan kujera a watan Agustan 1914.