Fasfo na Naira 100,000 da Lissafin Wata Shida

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kafin matafiyi ya isa gaban jami'in shige da fice, akwai kantar da yake fara tsayawa, ta kamfanin jirgin da zai ɗauke shi. Ma'aikaciyar da ke wurin ba ruwanta da nawa aka sayi tikiti. Buɗe fasfo take yi, ta dubi hoto, ta dubi fuska, sai idonta ya gangara kan layi guda, wato ranar da fasfon zai ƙare aiki. A ce ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, da jakunkunansa da 'yan rakiya, fasfonsa saura wata huɗu. Sai ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zai kai ka ba." Shi kuma ya ce, "Haba 'yata, duba da kyau, ai bai mutu ba."

Gaskiyarsa, bai mutu ba. Sai dai ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba sa karɓar baƙon da fasfonsa bai da sauran wata shida. Kamfanin jirgi kuwa ba zai yi kasada ba, domin idan ya kai fasinja aka ƙi karɓarsa, shi zai dawo da shi, kuma tara na iya hawa kansa. Mai sa'a tun wajen neman biza ake gaya masa. Marar sa'a sai ya yi sallama da iyali.

A da, idan irin haka ta faru, asarar lokaci ce da ta tikiti. Yanzu an ƙara da ta kuɗin fasfon kansa, wanda ya tashi daga abin da ake zarowa a aljihu ya koma abin da ake yi wa tanadi.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon fasfon da ake amfani da shi yau. A lokacin mai shafi 32, na shekara biyar, naira 25,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 70,000. Daga baya ƙaramin ya koma 35,000. Ran 1 ga Satumban 2024 Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta mai da ƙaramin 50,000, babban 100,000. Shekara guda cif bayan nan, ran 1 ga Satumban 2025, aka ninka su: ƙarami naira 100,000, babba naira 200,000. Duka sau biyun a ƙarshen watan Agusta aka fitar da sanarwa, 'yan kwanaki kaɗan kafin sabon farashi ya fara aiki, ta yadda wanda ke jira a yi albashi ko a sayar da amfanin gona bai samu damar rigan ƙarin ba. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare kuwa ba a taɓa nasu ba, yana nan dala 150 da dala 230.

Hukumar ta ce dalilinta shi ne kare inganci da martabar fasfon. Akwai kuma abin da duk mai sayen kayan waje ya sani. Fasfo na zamani ba takarda ce kawai ba, akwai ɗan ƙanƙanin guntun na'ura a cikinsa mai ɗauke da hoto da bayanan mai shi, kuma irin waɗannan kayan da dala ake sayo su. A 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwa. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, sai da dala ta haura 1,500. Wanda ya buga lissafi zai ga abin mamaki: naira 70,000 ta wancan lokaci ta kusa dala 200, naira 200,000 ta yanzu kuwa ba ta kai dala 150 ba. Wato a idon mai riƙe da dala fasfon araha ma ya yi.

To amma malamin firamare a Gumel ba da dala ake biyansa ba. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, ƙaramin fasfo yana ƙasa da shi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, ƙaramin fasfo kuwa yanzu ya tsere masa da 30,000. Wannan ce hujjar da masu suka suka fi riƙewa lokacin da aka yi ƙarin 2025, cikinsu har da Peter Obi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu da ke son kai iyalinsa Umara sai ya ajiye naira 600,000 tun kafin a zo batun biza da jirgi da masauki. Masu cewa ai mai tafiya waje ba talaka ba ne sun manta da ɗalibin da ya ci gurbin karatu kyauta, da dattijon da 'yan uwa suka yi wa karo-karo don ya ga likita a Alƙahira.

Wane iri ya kamata mutum ya yi? A takarda kunnen doki ne, kowanne naira 20,000 ne a shekara. Amma idan aka cire wata shidan ƙarshe da ba sa moruwa, ƙarami shekara huɗu da rabi yake aiki, babba tara da rabi. Ga kuma darasin shekarun nan. Wanda ya daure ya biya 70,000 a watan Agustan 2024 ya huta har 2034. Maƙwabcinsa da ya ga kamar ya yi dabara ya biya 35,000, idan 2029 ta zo zai sake biyan aƙalla 100,000, in ma ba a sake ƙari ba ke nan. Ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirga akwai batun shafi: biza guda takan cinye shafi sukutum, hatimin shiga da na fita su ci wani, sai ka ga shafi 32 sun ƙare fasfo bai tsufa ba. Wanda kuwa aikin Hajji kaɗai ne a gabansa, sau ɗaya, ƙaramin ya ishe shi.

Sai babbar tambaya, wadda aka fi yin sakaci da ita: yaushe ake nema?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tikiti. Mutum ya ga jirgi ya yi sauƙi, ya biya, sannan ya koma neman fasfo da gudu. Tsarin kuwa a juye yake. Ba a ba da biza sai da fasfo, kuma kowane ofishin jakadanci da nasa jinkirin, wani kwanaki, wani makonni, wani ma samun ranar ganawa kaɗai sai a yi watanni. Don haka daga ranar tafiya ake ƙirgowa baya: a ware lokacin biza, a ware na buga fasfo, a ware na jiran ranar ɗaukar hoto da yatsu, sannan a ƙara wani abu saboda tsautsayi.

A 2021, zamanin minista Rauf Aregbesola, an tsayar da wa'adin mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa. Ba kullum aka cika alkawarin ba. Lokacin da Olubunmi Tunji-Ojo ya karɓi ma'aikatar cikin gida a 2023, ya tarar da fasfo sama da 200,000 da aka biya ba a buga ba, kuma cikin 'yan makonni aka sanar da cewa an kammala su. Daga watan Janairun 2024 aka koma tsarin da mai nema ke cike komai ta intanet, ya ɗora hotonsa da takardunsa, ya biya, ya zaɓi ofishi da rana. A 2025 kuma aka tattara aikin bugawa zuwa cibiya guda a hedikwatar hukumar da ke Abuja, wadda ministan ya ce tana iya fitar da kusan 5,000 a rana. Abubuwa sun gyaru, wannan ba a musu. Duk da haka mai hankali ba ya ɗora tafiyarsa a kan wa'adin da ke rubuce. Wata uku kafin neman biza ba su yi yawa ba, kuma mai tsohon fasfo da ya ga ya doshi wata shidan ƙarshe, lokacin sabuntawa ya yi ko da babu tafiya a gabansa.

Inda aka fi maƙalewa a Arewa ma ba a injin bugawa ba ne. A suna ne.

Fasfon yanzu a ɗaure yake da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, kuma dole abin da ke jikin ɗaya ya zama shi ne a ɗayan, harafi da harafi. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammed mutum ɗaya ne ba, balle a gaya mata Garba shi ne Abubakar, ko Mamman shi ne Muhammadu. Wani a makarantar kwana aka liƙa masa sunan garinsu, ya zama Sani Bichi a takardun karatu, alhali a katin ɗan ƙasa Sani Abdullahi ne. Wata ta yi aure ta ɗauki sunan miji a wuri guda, ta bar na uba a wani. Ga kuma rundunar mutanen da aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, don ranar da aka tambaye su abin da suka iya tunawa kawai shi ne an haife su da kaka, shekarar da aka yi fari. Idan tsohon fasfo ya ce 1968, NIN ta ce 1970, aiki ya tsaya cak. Sai an je hukumar NIMC mai ba da NIN an gyara, an biya kuɗin gyara, an jira gyaran ya hau, sannan a dawo layi. Canza bayanan da ke jikin fasfon kansa ya fi wannan ɗaukar lokaci, don sai da amincewar hedikwata. Haka ma wanda nasa ya ɓata, sai ya kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu.

Mai neman sabo zai tanadi takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da hoto mai farin bango. Yaro kuwa, ko jariri ne, nasa fasfon daban, da wasiƙar amincewar iyaye.

Maniyyata su ne suka fi kowa buƙatar wannan lissafi. Kalandar Musulunci tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 ran 5 ga Yuni aka yi tsayuwar Arfa, kuma duk shekara abin gaba yake yowa. Saudiyya ta kuma koma rufe harkar biza da wuri, shi ya sa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ke neman fasfon maniyyaci watanni kafin jirgin farko ya tashi. Wanda ya biya miliyoyin kuɗin kujera ya bar maganar fasfo sai bayan azumi, ya sa kujerarsa a hatsari a kan abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na kuɗin ba. Gabanin Umarar azumi da lokacin da ɗalibai ke shirin tafiya a watan Satumba, nan ma layi kan yi tsawo.

Gaggawa ita ce kasuwar 'yan cuwa-cuwa. A bakin ofisoshin fasfo ba a rasa mai tare mutum da fara'a, "Ranka ya daɗe, sabo ne ko sabuntawa? Kawo in fitar maka cikin kwana uku." Wanda jirginsa zai tashi jibi ba ya ciniki. Farashin hukuma kuwa a shafinta na intanet ake biyansa, da rasiɗi, kuma duk abin da aka ɗora a kai wani ne ke cin guminsa. Ba laifi ba ne wanda bai iya kwamfuta ba ya je shagon intanet a cike masa, amma ya tsaya a karanta masa sunansa da ranar haihuwarsa kafin a tura, don harafi guda da yaron shago ya ci na iya jawo dogon jinkiri.

Mai zuwa Kwatano ko Akara ko Lome ba lallai ne ya biya 100,000 ba. Akwai takardar tafiya ta ECOWAS, mai aiki shekara biyu, wadda hukumar ke bayarwa a farashi ƙasa da na fasfo sosai, kuma tsakanin ƙasashen ƙungiyar babu biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025, har sun fito da fasfonsu na haɗin gwiwa, don haka fataken da ke bin Maraɗi da Damagaram gara su tambayi halin da ake ciki a kan iyaka kafin su ɗaura kaya. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen kuwa nasu sharaɗin daban: fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar da baƙo zai bar ƙasar, da shafi biyu da ba a taɓa ba.

Idan sabon fasfo ya fito, akan soke tsohon a mayar wa mai shi. Mutane da yawa sukan jefa shi cikin durowa su manta. Amma in akwai bizar da ba ta ƙare ba a cikinsa, wasu ƙasashe, irin su Amurka, suna yarda a nuna biyun tare a filin jirgi, kuma hatiman da ke ciki su ne shaidar da jami'in biza ke dubawa ya ga cewa mutumin nan ya taɓa fita ya dawo gida.