Filin Wasa Da Kuɗin Haraji: Wa Zai Biya Idan Ƙungiya Ta Tafi?

A shekarar 1995 birnin St. Louis da ke jihar Missouri ta Amurka ya buɗe wani katafaren filin wasa mai rufi, ya tarbi ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Rams da ta baro Los Angeles. Da kuɗin jama'a aka gina shi. Jiha da birni da gunduma suka ci bashin shekara 30, suna biyan dala miliyan 24 kowace shekara: jiha ta ba da 12, sauran biyun shida-shida.

Masifar tana cikin wani sharaɗi na yarjejeniyar haya. An amince cewa dole filin ya ci gaba da zama cikin kashi ɗaya bisa huɗu na filayen gasar NFL mafiya kyau, in ba haka ba ƙungiya tana da damar tafiya. To, ta yaya gini zai hana kansa tsufa alhali wasu biranen suna ta gina sababbi? A 2013 masu sasanci suka goyi bayan tsarin gyaran da Rams ta kawo, na kusan dala miliyan 700. Hukumomi suka ce ba za su iya ba. A Janairun 2016 mai ƙungiyar, Stan Kroenke, ya samu izinin mayar da ita Los Angeles. Mutanen Missouri kuwa suka ci gaba da biyan bashin har 2021, ga fili ba ƙungiyar NFL. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne birni da gunduma sun kai ƙarar NFL da Rams, kuma a 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790. Amma ba kowane gari ne ke da lauyoyi da juriyar shari'ar shekaru ba.

Masu neman a gina fili kullum alkawarinsu ɗaya: ayyukan yi da bunƙasar kasuwa. Yawancin masana tattalin arziki ba su yarda ba, saboda kuɗin da magidanci ya kashe a tikiti, da ma a cikin garin zai kashe shi, a gidan abinci ko sinima. Mu ma mun ga abin da ya biyo bayan wasannin Afirka na 2003, lokacin da filin wasa na Abuja ya yi shekaru yana lalacewa don ba a tanadi kuɗin kula da shi ba.

Akwai kariya, kuma an gwada ta. A 1978 masu zaɓe a Los Angeles suka hana birninsu ɗaukar asarar gasar Olamfik ta 1984. Masu shirya gasar suka koma ga tsofaffin filaye da kuɗin kamfanoni, suka gama da ribar sama da dala miliyan 200.

A ganina, duk hukumar da za ta sa hannu a irin wannan yarjejeniya, wajibi ne ta buga ta kowa ya karanta tun kafin a aza tubali. A rubuta ƙarara cewa idan kuɗin gini ya haura kasafi, ƙungiya ce za ta cika, ita ce kuma za ta ɗauki nauyin gyara. In ta tashi tafiya kafin wa'adi, ta biya ragowar bashin tukuna.