Alaƙar ciwon damuwa da hawan jini a tsakanin ƙabilu

Alaƙar ciwon damuwa da hawan jini fanni ne na bincike a kimiyyar lafiya da ke duba ko ɗaya daga cikin cututtukan biyu na jawo ɗayan, da kuma dalilin da ya sa ƙarfin alaƙar ke bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Ciwon damuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke zuwa da baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai na tsawon akalla mako biyu. Hawan jini kuwa shi ne awon jini ya riƙa kaiwa 140/90 ko ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne suka yi fama da ciwon damuwa, yayin da manya kimanin biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 suka kasance da hawan jini.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 2012 wani nazari da ya tattara sakamakon bincike tara ya nuna cewa haɗarin kamuwa da hawan jini ya ƙaru da kusan kashi 42 cikin ɗari ga masu ciwon damuwa. Sai dai ba ko'ina aka ga haka ba. Binciken HUNT na ƙasar Norway ya danganta damuwa da fargaba da saukar awon jini, kuma binciken NESDA na ƙasar Holan ya samu irin wannan sakamako a 2009, tare da gano cewa wasu tsofaffin magungunan damuwa ne ke ɗaga jinin.

Bambanci tsakanin ƙabilu

Mafi yawan hujjojin sun fito ne daga Amurka. Binciken CARDIA, wanda aka fara a 1985 da matasa baƙaƙe da farare sama da 5,000 a biranen Birmingham, Chicago, Minneapolis da Oakland, ya ba da rahoto a shekarar 2000 cewa alamomin damuwa sun yi hasashen hawan jini a tsakanin baƙaƙen fata, amma alaƙar ba ta fito fili ba a tsakanin farare. Abin da ya ƙara wa batun sarƙaƙiya shi ne, baƙaƙen fata na Amurka ba su fi farare kamuwa da ciwon damuwa ba. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da David Williams da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya samu kashi 10.4 cikin ɗari a tsakaninsu, da 17.9 a tsakanin farare. Amma idan ciwon ya kama su ya fi daɗewa, ya fi tsanani, kuma ba su cika samun magani ba. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa ya fi barin tabo a jijiyoyin jininsu.

A birnin Amsterdam, binciken HELIUS da aka fara a 2011 ya kwatanta 'yan asalin Holan da 'yan asalin Ghana, Turkiyya, Maroko da Suriname. Hawan jini ya fi yawa ga 'yan asalin Ghana da baƙaƙen Suriname, alhali alamomin damuwa sun fi yawa ga Turkawa da 'yan Maroko. Wato al'ummar da ta fi ɗaya cutar ba lallai ita ce ta fi ɗayar ba.

Dalilai

A cikin jiki, damuwa mai tsawo na tayar da jijiyoyin da ke shirya mutum ga haɗari, ta ƙara sinadarin kotisol da adirenalin, zuciya ta yi saurin bugawa, magudanan jini su tsuke. A ɓangaren ɗabi'a, mai damuwa ya fi shan taba, rashin barci da zama ba motsa jiki. Wani nazari na shekarar 2000 ya nuna cewa yiwuwar ƙin bin umarnin likita ta ninka sau uku ga masu damuwa, kuma hawan jini cuta ce da ke buƙatar shan magani kullum.

Danganta bambancin ga gado kaɗai ba shi da ƙarfi. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa sun auna mutanen da asalinsu ɗaya ne, suka samu hawan jini kashi 16 cikin ɗari a Najeriya da Kamaru, 26 a yankin Karibiyan, 33 a Amurka. Muhalli ne ya bambanta: ƙiba, gishiri, talauci da wariyar launin fata. Tun a shekarun 1980 Sherman James ya nuna cewa baƙaƙen Amurka masu ƙaramin ƙarfi da ke ta fafutuka da wahalar rayuwa ba hutawa sun fi fuskantar hauhawar jini.

Matsalar awo da harshe

Tambayoyin da ake auna damuwa da su, kamar PHQ-9 da CES-D, da Turanci aka tsara su. Al'ummomi da dama kan bayyana ciwon ta hanyar jiki, kamar ciwon kai, kasala ko zafin ƙirji, ko su ce tunani ya yi yawa, wanda a harshen Shona na Zimbabwe ake kira kufungisisa. A Hausa ma kalmar damuwa ta ƙunshi ɓacin rai na yau da kullum da kuma cutar kanta, kuma an saba jin cewa tunani ne ya sa wa wane hawan jini. Don haka ƙarancin adadi a wata ƙabila na iya zama ƙarancin ganowa ne, abin da kan raunana alaƙar da ake gani a ƙididdiga.

Magani

Maganin venlafaxine na iya ɗaga jini, musamman idan adadin da ake sha ya yi yawa, don haka likitoci kan riƙa auna jinin mai shan sa. Rukunin da ya haɗa da sertraline ba ya cika shafar awon jini.